Sule Ɗaya, Rabin Awa: Tarihin Hayar Keke a Birnin Kano

A bakin titin da ya ratsa unguwarmu a cikin birnin Kano akwai wata darbejiya, kuma a gindinta na fara taɓa keke da hannuna. Wani dattijo ne yake zama a wurin tun hantsi, mu yara muna ce masa Baba Mai Keke. Kayan aikinsa ba su da yawa: akwatin katako cike da sifanu da boris da tsofaffin noti, famfo, gwangwanin sholisho, da kwanon ruwan da yake tsoma tub a ciki don ya ga inda iska take fita. A jikin katanga kuwa kekuna ne a jingine, bakwai ko takwas, babu wanda fentinsa bai koɗe ba. Su ne na haya. Da sule ɗaya, wato kwabo goma a kuɗin farkon shekarun 1980, yaro zai karɓi keke na rabin awa. Mai sisi sai ya nemi wani mai sisi, su haɗa, su raba lokacin.

Abin da ya tuno mini da gindin bishiyar nan wani ɗan bidiyo ne da ƙanena mazaunin Ingila ya turo mini ta WhatsApp. 'Yarsa ce mai shekara biyar a wani fili, ita da sa'o'inta kamar goma, kowa da hular kwano, ana koya musu hawan keke a lokacin dogon hutunsu. Ga malamai biyu suna kula da su, an jera robobi a ƙasa yaran suna kewayawa. Ya ce kuɗi ya biya aka rubuta sunanta. Na kalli bidiyon ya fi sau biyar. Ya burge ni, ya kuma sosa mini rai, domin mu ma mun taɓa samun irin wannan makaranta a kusan kowace unguwa, ba tare da wata hukuma ta tsara ta ba, muka zuba ido tana mutuwa.

Keken yarinyar ba shi da feda. Zama take a sirdi tana tura ƙasa da ƙafafunta, in ya ɗauki gudu ta ɗage su. Ƙanena ya ɗauka sabuwar dabara ce, alhali kuwa ita ce ta fari. Keken da wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya ƙera a 1817, ya hau a garin Mannheim, haka yake: ƙafafu biyu na katako, sirdi, da abin juya kai, babu feda babu sarƙa. Sai a shekarun 1860 maƙeran birnin Faris suka liƙa feda a jikin ƙafar gaba. Siffar da muka sani a yau, ƙafafu biyu kusan kai ɗaya da sarƙa mai jan ta baya, John Kemp Starley ne ya fito da ita a garin Coventry na Ingila a 1885. Tayar keke mai iska kuwa, wadda masu faci ke cin abinci da ita har gobe, saboda yaro aka yi ta. John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a Belfast, ya ga ɗansa yana shan jijjiga a kan kekensa mai ƙafa uku, sai ya naɗa masa roba mai iska, ya yi wa dabarar rajista a 1888.

Mu a nan, jirgin ƙasa keke ya biyo. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ba a jima ba aka shiga cinikin gyaɗa gadan-gadan, kuma taragun da suka tafi Ikko da gyaɗa da fatu ba su dawo wayam ba. Kantunan kamfanonin Turawa, irin su John Holt da kuma UAC daga baya, suka cika da atamfa da kananzir da tasoshi da keken ɗinki, da wannan abin hawa da tsofaffi suke kira basukur, wasu su ce dokin ƙarfe. Sunan dokin bai zo a banza ba. Bahaushe ya ɗebo kalmomin barga ya ɗora masa: wurin zamansa sirdi ne, kuma in mutum ya fita shan iska a kansa da yamma sai a ce ya tafi kilisa. Sauran sassan aka aro daga bakin Bature aka lanƙwasa, aka samu birki da feda da kariya da bawul da faci.

A cikin kekunan Raleigh ne sarki, wanda ake ƙerawa a Nottingham a wancan lokaci, mai tambarin zalɓe a goshi. Rali muke ce masa. Mahaifina ya sha ba mu labarin wani allon tallansu da aka zana mutum a kan Rali yana murmushi, zaki na bin sa da gudu bai cim masa ba. Kasuwar ta yi ƙarfin da har kamfanin ya kafa masana'anta a nan Kano, kafin Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya su shigo da araha. Malamin makaranta, akawu, masinja, malamin gona, duba-gari, ɗan kasuwa mai cin kasuwannin ƙauye, duk a kansa suke. En'e tana karɓar kuɗin lasin, a ba mutum wani ɗan faranti ya ɗaura a jikin kekensa, wanda aka kama babu shi kuwa ya shiga uku. Al'adar ta yi jijiyar da har kundin tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ba da lasin keke a cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

To, a nan ne asalin hayar keke yake. Keken gida ba na yaro ba ne. Na mahaifina baƙin Rali ne, a soro yake kwana da kwaɗo a ƙafarsa ta baya. An nannaɗe masa sanda da leda don kada fenti ya kwarzane, kuma duk Juma'a kafin a tafi masallaci sai an goge shi da tsumma, an ɗiga wa sarƙa mai. Aikina ke nan, amma iyakata gogewar. Da shi yake zuwa wurin aiki, da shi yake ɗauko buhun gero, da shi ake kai mara lafiya asibiti a goye. Kadara irin wannan ba a miƙa wa ɗan shekara takwas ya je ya kayar. Yara kuwa ido ya gani, rai ya biya. Mai gyaran keke shi ya ga wannan giɓin ya cike shi. In keke ya tsufa mai shi ya sayar masa da araha, shi kuma ya ciro ƙafa daga wannan, ya ciro kai daga wancan, matattu uku su tashi rayayye ɗaya. Gyara sana'ar safe ce, lokacin da magidanta ke fita. Haya kuwa ta yamma ce da ranakun hutu.

Ƙananan kekuna biyu kacal Baba yake da su, kuma kullum akwai layi a kansu. Irin Chopper ɗin nan mai dogon sirdi da ya fito a farkon shekarun 1970 sai dai mu hango shi a hannun 'ya'yan manya in an aike mu Nasarawa. Saboda haka yawancinmu a kan keken manya muka koya, kuma koyon yana da matakai da kowane yaro ya san su, ko da yake babu wanda ya taɓa rubuta su.

Da fari turawa za ka yi. Ka riƙe kan keken da hannu biyu, tsayinsa ya kusa kai kafaɗarka, ka yi ta tafiya da shi har ka san nauyinsa da inda yake rinjaya. Yaro yakan ƙarar da sulensa na farko a haka, bai hau ba, ya koma gida yana murna. Sai kuma feda ɗaya: ka ɗora ƙafar hagu a kan feda, ka riƙa dungurin ƙasa da ta dama, in ya ɗauki gudu ka ɗage ta ka tsaya cak a gefe guda, keken yana tafiya da kai. Ranar da ka yi taku goma a haka ba ka dire ba, ka samu abin da ake nema, domin daidaita jiki shi ne hawan keke, sauran duk ƙari ne. Abin da ake koya wa 'yar ƙanena ke nan da keke marar feda. Daga nan sai ka zura ƙafar dama ta ƙarƙashin sanda ka kamo ɗaya fedar, jikinka a karkace, keken ma a karkace, kana rabin juyi, ƙarar sarƙa tana tashi ƙwas-ƙwas. Wanda bai san abin ba zai ce yanzu za ka faɗi, amma a haka yara suke zuwa aike har kasuwar Rimi su dawo. In ƙafa ta ƙara tsawo sai a haye sanda, ana lilo hagu da dama. Zama a sirdi shi ne sauka, kamar yadda ake sauka a makarantar allo.

Malamanmu yayyenmu ne. Ɗan shekara goma sha biyu zai riƙe maka kariya yana bin ka da gudu, ladansa zagaye biyu daga cikin lokacinka. Maganarsu ɗaya ce kullum: "Kalli gabanka, daina kallon taya!" Dabararsu ma ɗaya ce, su sake ka ba su faɗa maka ba. Ina tune da tawa ranar. A filin makarantar firamarenmu ne, bayan la'asar, an yi ruwa da safe ƙasa ta yi laushi. Ina ta yi wa yayana magana, na ji shiru, na waiga na hango shi can nesa yana tafa hannu. Waigen ne ya kayar da ni, amma na tashi na san na iya. Shekara arba'in da wani abu ke nan, daɗin wannan yammacin bai bar ni ba.

Dogon hutu shi ne kakar wannan sana'a, kuma da yake a damina yake faɗowa, faɗuwa ba ta yi mana ciwo sosai, ciyawa ta rufe fili. Sai Alhamis da Juma'a da ba a zuwa makarantar allo. A ranakun nan almajirai ma sukan zo da abin da suka samu na aikatau, su shiga layi ɗaya da ɗan mai unguwa, wanda ya riga zuwa shi ke fara hawa. Kuɗin kuwa daga kuɗin tara ake tsimi, yaro ya haƙura da ƙosai kwana biyu don ya hau keke ran Asabar. Babbar kasuwa ita ce sallah. Kuɗin barka da sallah kusan duk a gindin darbejiyar nan suke ƙarewa. Manyan yara su yi hayar yini guda, su ɗaure wa kekuna balan-balan da furen roba, su yi ayari zuwa gidan zu da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yanzu da na girma shi ne amanar da ke cikin lamarin. Baba ba ya rubuta suna, ba ya karɓar jingina a hannun ɗan unguwa, tunda ya san uban kowa. Baƙon yaro ne kawai yake barin hula ko takalmi. Agogo ɗaya ne a wurin, na hannunsa, kuma ban taɓa jin an yi musu da shi a kan lokaci ba. Ba ya ba sabon koyo keke sai ya ga wanda zai riƙe shi, kuma ba ya barin wanda bai iya birki ba ya hau titi. "Yaro, bi hannunka," in ji shi, yana nufin dama. Ya ce shi kansa sai da ya sake koyon hannu a watan Afrilun 1972, lokacin da Nijeriya ta bar tuƙin hagu ta koma dama. Ya koya mana kaɗa ƙararrawa kafin a sha kwanar lungu, da sauka a tura in an haɗu da masu ɗauke da gawa, da rage gudu a gaban dattawa a yi gaisuwa.

Wata rana na fito daga lungu da gudu ban kaɗa ƙararrawa ba, na yi karo da wata yarinya mai tallan dafaffiyar gyaɗa. Farantin ya kife a cikin taɓo, ta zauna tana kuka saboda ta san abin da zai same ta a gida. Baba ya taso, ya duba ta ya ga ba ta ji ciwo ba, ya tambaye ta gyaɗar ta nawa ce, ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya biya ta. Ni kuwa bai dake ni ba, bai kai ƙarata gida ba. Cewa ya yi, "Gobe da safe ka zo." Mako guda na yi ina buga masa famfo, ina goge tub da takardar yashi kafin a shafa sholisho, har na biya bashin. A makon nan na koyi faci da ɗaure birki da mayar da sarƙa in ta zame. Da yawa daga cikin makanikan da na sani a unguwarmu, na babur da na mota, a irin wannan gindin bishiya suka fara riƙe sifana.

Akwai inda al'adar ta gaza, kuma ba zan ɓoye ba. Babu mace a layin. Ƙanwata ta fi ni son keke, amma ana ganin ba tarbiyya ba ce yarinya ta haye shi a bainar jama'a. Na taɓa yin haya na shigo da keken tsakar gida, ta koyi feda ɗaya tsakanin rijiya da turke a yamma biyu kacal, abin da ya ɗauke ni mako biyu. Daga nan ba ta sake hawa ba. Makarantar da ta samu daga baya tana da nisa, a ƙasa take zuwa, rana da ruwa, alhali keken mata marar sanda yana nan a kasuwa tun zamanin iyayenmu.

Mutuwar sana'ar ba a rana ɗaya ta zo ba. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 su suka fara sauke akawu daga kan Rali suka ɗora shi a kan Vespa da Honda, a shekarar kuma aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Keke ya tashi daga abin alfahari ya koma shaidar rashi. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, taya da tub suka yi tsadar da sulen yaro ba zai iya mayarwa ba. Sai acaɓa ta cika gari, baburan Jincheng suka zo da araha, titin da ɗan shekara tara yake ratsawa a kan keke ya zama wurin da babba ma sai ya yi addu'a kafin ya tsallaka. Ko da gwamnatin Kano ta hana goyo a babur a watan Janairun 2013, A Daidaita Sahu mai ƙafa uku ce ta maye gurbin. Yau a garuruwa da yawa in ka ce wa yaro keke, Keke NAPEP zai nuna maka.

Amma a ganina rashin fili ya fi komai kashe ta. Filayen da muka koya a cikinsu an yanka su an yi shaguna, makarantun da suka tsira da nasu sun zagaye da katanga sun sa kwaɗo. Abin takaicin shi ne, ƙananan kekuna ba su taɓa yawa da sauƙin samu irin na yanzu ba. Ga 'yan gwanjo nan birjik a bakin titi, masu launi iri-iri, daidai tsawon ɗan shekara huɗu. Uba zai saya, yaro ya yi ta kewaya tsakar gida mai taku shida, tayoyin taimako biyu a maƙale a baya har keken ya yi masa kaɗan bai taɓa daidaita jikinsa ba. Darbejiyar Baba an sare ta da aka zo faɗaɗa titi. Wurin yanzu shagon cajin waya ne. A ƙauyuka da bayan gari nakan ci karo da mai haya jefi-jefi, kuma duk inda na gan shi da yara a kewaye.

Ƙasashen da suka ga irin wannan canji kafin mu ba su bar abin ga sa'a ba. A Ingila tun 1947 aka fara gwajin ƙwarewar hawan keke ga 'yan makaranta, a 2007 aka sabunta shi da shirin da suke kira Bikeability. A Holan yaran da ke dab da gama firamare suna yin jarrabawar bin titi a kan keke. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2018 ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya. Su da titunansu suka cika da motoci, sai suka mayar da koyon cikin fili da makaranta. Mu da namu suka cika, sai muka kulle yaran a gida.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ina ganin magidanta suna kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Wani abokin aikina ya saya wa ɗansa mai shekara goma sha tara keke don zuwa makaranta, sai a ranar ya gano yaron bai iya ba. Da daddare yake fita da shi yana riƙe masa kariya, don kunyar idon mutane.

Ina kira ga shugabannin makarantun firamare, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da masu unguwanni: in dogon hutu ya zo, ku buɗe filin makaranta daga la'asar zuwa dab da magariba. Ku kira mai gyaran keken unguwa ku ba shi inuwa a ciki, ya zo da kekunansa, ku yi masa farashin da iyaye za su iya. A cire wa ƙananan kekuna feda saboda 'yan shekara huɗu da biyar, a sa manyan yara su riƙe wa ƙanana kariya, a bar almajiri ya shiga layi. A kuma ware wa 'yan mata ranakunsu, da mace babba mai kula da su.